Wa zai rubuta Kurfai?

Hutun damina da ya wuce, da na je gida Abala, inna ta ce in kwashe tarkacena daga akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta, tana so ta zuba tufafi. Cikin tarkacen nan na tarar da wani kaye mai shafi ɗari, gara ta taɓa gefensa. Labarai huɗu ne a ciki, da Hausa, waɗanda na rubuta ina kwaleji. Ɗaya kaɗai ya kai ƙarshe. Na tuna ranar da na daina: wani mushe ya kama kayen a kilas, ya karanta ma ƴan aji da muryar ba'a, anka yi dariya, sannan ya ce wannan ba ya ba mutum birbe. Daga nan sai birbe, sai bak, sai Yamai. Shekara shida ke nan. Yau ina sashen ilimin harsuna na Jami'ar Abdu Mumuni, na iya sa ma kalma karin sauti, na iya feɗe jimla gaɓa gaɓa, amma ban ƙara rubuta labari ko shafi guda ba.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Kusan kowa a cikin wannan ƙungiya tamu yana da irin kayen ga a wani wuri. Shi ya sa da anka ce kowa ya kawo maƙala, na ce bari in duba tarihi: waɗanda sunka rubuta Hausar da muke karantawa, su wane ne, kuma ƙaƙa anka yi sunka kai ga takarda? Amma bari in fara daga gida, don a ga abin da ke ci mini rai.

A 1925, a Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo da mahaifinta Ganji sunka fito da wasu sababbin iskoki, waɗanda ake ce ma Babule ko Hauka. Masu hawan su na kwaikwayon soja da kumanda da gwamna. Matasa da yawa sunka bi su, sunka ƙi sauraren sarkin Kurfai Gado Namalaya, wanda Anasara ke goyon baya. Kumandan Yamai na lokacin, Korsasi kamar yadda mutanenmu ke kiransa, ya sa anka kama su anka kulle. Ba da jimawa ba shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, da sunan Kumandan Mugu. Ba bori nake karewa ba, kowa ya san matsayin addininmu a kansa. Abin da nake so ku lura shi ne wa ya rubuta wannan labari. Jean Rouch, Bafaranshe, ya ɗauki fim kan ƴan Hauka a Ankara, ya fito a 1955. Finn Fuglestad, mutumin Norwe, ya yi maƙala a kansu a 1975. Paul Stoller na Amurka ya yi littafi a 1995. Ni da kakata ke ba ni labarin Shikal a tsakar gida, sai da na zo Yamai na karanta shi da Faransanci kafin in yarda tarihi ne. Tsoffinmu sun riƙe shi a baki, baƙi sun riƙe shi a takarda, mu ƴan boko muna tsakani hannu wofi.

To, su waɗanda sunka rubuta nasu fa?

A 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan arewacin Najeriya yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa anka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Muna jin sunayen ga kamar na waɗansu manya da anka haifa da alƙalami a hannu. Ku duba shekarunsu. An haifi Imam a 1911, wato yana da shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa bai kai shi ba ma, an haife shi a 1912. Sa'o'inmu ne. Ba wanda rubutu ke ciyar da shi a cikinsu, aikin gefe ne bayan an tashi makaranta. Bello Kagara kuma wan Imam ne, ka ga akwai mai duba ma wani a gida. Bayan gasar, East ya jawo Imam Zariya sunka zauna tare, ana rubutu ana gyara, har Magana Jari Ce ta fito. A 1939 anka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa. Baiwa kam akwai ta, amma akwai wanda ya nema, akwai wanda ya karanta ya gyara, akwai injin bugawa.

Wannan daga sama ya zo, da kuɗin gwamnatin mulkin mallaka. Na biyun daga ƙasa ya taso, kuma shi ya fi kama da halinmu. A shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya tsuke, naira ta faɗi, manyan kamfanonin ɗab'i sunka koma ga littattafan makaranta kaɗai. Matasan Kano da ke da labarai a kaye ba su da ƙofar da za su buga. Sai sunka haɗa kansu ƙungiya ƙungiya. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino, Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu. Sunan ma amsa ce ga masu raini: raina kama ka ga gayya. Suna karanta ma juna, suna nuna ma sabo inda ake bugawa da araha da inda ake kai wa ƴan kasuwa. Idan ka buɗe littafin ɗayansu sai ka ga hoton ƴan ƙungiya da jerin littattafan sauran, kowane littafi yana tallan ɗan'uwansa.

Su wane ne su? Gidan Dabino bai bi boko tun yana yaro ba, a makarantar manya ya same shi, amma In Da So Da Ƙauna ya shiga gidajen da littafin Hausa bai taɓa shiga ba, har nan ƙasarmu. Balaraba an cire ta daga makaranta anka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 an fassara shi da Ingilishi, an buga a Indiya a 2012. Waɗansu malaman jami'a sun kira aikinsu adabin kasuwar Kano, da nufin ƙasƙanci. Yau ana rubuta digiri a kansa, kuma da yawa daga cikin masu fim na farko a Kano daga cikin marubutan nan sunka fito.

Mu a Nijar hanyarmu daban ce. Faransa ba ta yarda da harshen gida a lakwal ba, don haka ba mu samu Zariyarmu ba. Sai bayan ƴancin kai anka fara: taron UNESCO na Bamako a 1966 kan yadda za a rubuta harsunanmu, makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, dokar daidaita rubutun Hausa a 1999. A tsakanin nan gwanintarmu ta bi ta baki da dandamali. Zamanin Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bikin matasa sun cika ƙasa da wasan kwaikwayo na Hausa, su Yazi Dogo sunka zama ƴan gida a kowane gari ta rediyo da talbijin. Amma mafi yawan wasannin a baki anka shirya su, ba su bar rubutu ba. Wanda ya ɗauki alƙalami kuwa Faransanci ya nufa. Sarauniyar Lugu maƙwabciyarmu ce ta Arewa, amma littafin Abdullahi Mamani na 1980 da Faransanci yake, kuma ta fim ɗin Med Hondo na 1986 duniya ta san ta. Daga baya maɗaba'ar Albasa, da tallafin Jamusawa, ta buga littattafai da harsunan ƙasa, Gashingo ma ta biyo. Alhamdu lillahi. Sai dai mun ga yadda abin furoje yake: ran da kuɗi sunka ƙare, littafi ya ɓace daga kasuwa.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Mun sha muhawara a kan wannan a fada, har da ƴan'uwanmu masu Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci, kuma suna da abin cewa. Ni tambayata ƙarama ce: in gobe anka ce yaron Abala ya karanta labari da Hausa a kilas, labarin ina za a ba shi? Na Kano da Katsina muna son su, da su munka tashi. Amma ina wanda ke da Dallol a ciki, da kasuwar bisashe, da ƴan ci-rani masu komowa daga Kwatano da Legas, da sansanin ƴan gudun hijirar Mali da anka kafa a garinmu a 2012?

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Tun 2017 Abala ke cikin dokar ta-ɓaci. Makarantu da yawa a jihar Tilaberi an rufe su, ƙauyuka sun watse, tsoffin da ke riƙe da tarihin kowace rijiya suna zaune a gidajen aro a Filinge da Yamai. Idan gari ya tashi, hirar dare ita ke fara mutuwa, don masu yin ta ba su ƙara zama wuri guda.

Abin da na gani a Zariya da Kano guda ne: ba wanda ya ɗauki jinka da hannu ɗaya. Don haka ga abin da nake roƙonmu. Na farko, kowa ya ɗauko kayensa, ya ƙare labari guda kafin ƙarshen zangon ga, ko da bai yi kyau ba. Na biyu, kowa ya samu mai karanta mashi, kuma mai karatu ya faɗi gaskiya a keɓe, da biro a hannu, ba a gaban jama'a don a yi dariya ba. Ni na san abin da dariya ke kashewa. Na uku, mu yi irin ta Raina Kama: bayan kowane ɗan littafin da munka fotokofe, a jera sunayen rubuce-rubucen sauran, na mata da na maza, har da na ƙannenmu ƴan lise. Adashen dala ashirin ashirin a mako ya isa takarda.

Na huɗu ya shafi harshe, kuma nan ne karatuna ke da ɗan amfani. Da yawa kan ce suna jin kunyar rubutu don Hausarsu ba daidaitatta ba ce. Ƙa'idar rubutu mu koye ta, ba ta fi zaman mako biyu ba. Amma idan tsohuwa a labarinka za ta ce "Hilinge za ni, ɗiyan ga sun hana ni kwana", bar ta ta faɗa haka. Kurhwayanci Hausa ce cikakka. Masana sun yi nazarin Hausar Filinge, Bernard Caron ya yi littafi sukutum kan ta Adar a 1991. Abin da anka ɗauka da daraja a ɗakin karatu, bai kamata mu mu ɓoye shi ba.

Ni dai na komo Yamai da kayena. Labari na biyu a ciki na wata yarinya ne da ta bi kakarta Shikal, na tsaya daidai inda sunka iso bakin gari. Na ƙara shafi shida a makon jiya. Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo shi fada, ina neman mutum biyu da za su karanta su gaya mini inda ya yi sanyi. Wanda ya kawo nashi, ni ma zan karanta mashi.