Mishan da yunwar El-Buhari a ƙasar Maraɗi

Ƴan uwa ɗalibai, in ka tambayi tsohon ƙauye labarin 1984, ba zai ce maka "fari" ba. El-Buhari zai ce. A shekaran nan damana ta ƙi, hatsi ya ƙone a gona, kuɗin yuraniyom na Arlit sun riga sun faɗi, gwamnatin Seyni Kunce tana fama da bashi. Ana cikin haka Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hanyar da masara da garin rogo ke shigo mana. Shi ya sa yunwar ta ɗauki sunansa.

Lokacin nan ƴan mishan na SIM sun daɗe a ƙasarmu. Sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri da Maraɗi. Sun buɗe likitar Galmi a 1950, suka kafa ta kutare a Danja. Nufinsu na fari wa'azin Bishara ne, ba su kuma ɓoye ba. Amma shekara sittin ana wa'azi, waɗanda suka karɓa ƙalilan ne, galibi yaran da suka yi lakkwal ɗin mishan da majinyatan da aka yi jinya.

Cikinsu akwai wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo. Ya yi ta dashen itace, rana da awaki suna cinyewa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirran sabara da kalgo da manomi ke sassabewa kowace bazara, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. In aka bar reshe biyu ko uku aka datse saura, icce zai tashi da kansa, ba ban ruwa, ba ko dala. Manoma suka yi dariya. Wa zai bar gonarsa da datti a ce masa rago? Ga shi kuma a doka itace na gwamnati ne, ka sari naka ma'aikatan gandun daji su ci ka tara.

Da yunwa ta zo, mishan ta shiga rabon abinci da sharaɗi: ka bar itace a gonarka, ka samu tiyarka. Sharaɗin bai taɓa addini ba, amma zargi ya tashi, don mai jin yunwa ba ya musu da mai hatsi. Da rabon ya ƙare kuwa, mafi yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari suka ga iska ta daina turbuɗe shuka, ga makamashi, ga harawar dabbobi, ga na kai wa kasuwa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Haka sassaben zamani ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake yin itace tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Kirista a Nijar har gobe ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Manoman da suka riƙe wannan aiki Musulmi ne, suna sallarsu, gawo da kalgo na tsaye a gonakinsu. A watan Janairu na 2015, da aka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, matasa ne sa'o'inmu suka riƙe ashana, kuma da wuya a ce wani ya taɓa ba su wannan labari. In kun je gida hutu, ku tambayi tsofaffi wa ya ba su hatsi a El-Buhari, da abin da aka nema hannunsu.