Asalin Kalmomin Bauta da Bege a Ƙasar Danja

A ƙasar Danja da sauran garuruwan noma na kudancin Katsina, inda Maguzawa suka daɗe suna zaune kusa da Musulmi, kalmomin addini suna da tushe biyu. Kalmar bauta ta Hausa ce tun asali, kuma tushenta ɗaya da bawa da bayi, shi ya sa take nufin zama ƙarƙashin ubangida da kuma miƙa wuya ga abin da ake tsoro, ko Allah ne ko iskokin da Maguzawa suke yi wa yanka. Ibada kuwa daga Larabci ta shigo tare da Musulunci, kuma abin lura shi ne tushenta ma yana nufin bawa, kamar yadda ake gani a sunan Abdullahi. Bege, wato tsananin marmarin wanda ba ya kusa, ya fi sauran zurfi, domin malaman ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun karkata shi ga son Annabi, har mai waƙar yabonsa ya zama mai bege. A ɓangaren so kuwa, kalmar ƙauna ta fi kalmar so nauyi, kuma ita Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 ya ɗauka don wannan ma'ana.