Yamai: Gari Ɗaya, Mazaɓa Ɗaya, Wakilai da Yawa

Yamai ba ta da ganuwa irin ta Damagaram, ba ta da tsohuwar fada da dukan gari yake kallo. Asalinta ƙauyuka ne a bakin kogin Isa: Maourey, Kalley, Gaweye, Gamkalle, Goudel, Saga, kowane da mai garinsa da gonakinsa. Fulani suna tsallaken ruwa a Lamorde, fatake Hausawa suka kafa Zango. A 1926 ne Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Zinder suka dawo da shi nan, daga nan sai ofisoshi da bariki da kasuwa suka yi ta janyo mutane daga kowace kusurwa. Garin baƙi ne tun fil azal, kuma wannan ya bi siyasarsa har yau.

Zaɓen majalisar yanki ya fara a 1946, shekarar da aka kafa jam'iyyar PPN a cikin Yamai. Amma rabon bai zama na adalci ba. Akwati biyu aka yi, ɗaya na Nasara da ƴan tsirarun da ke da takardar zama ƴan Faransa, ɗaya na ƴan ƙasa, su ma ba kowa ba. Sai da dokar 1956 ta zo aka haɗe akwatunan, aka ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a. A shekarar ce Djibo Bakary ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Shi da babban abokin hamayyarsa Diori Hamani na PPN ƴan uwa ne, dukansu haifaffun Soudoure, ƙauyen da ke gab da birni. Djibo ya samu ƙarfinsa wajen leburori da direbobi da ƙananan ma'aikata, PPN kuwa tana da malaman makaranta da akawuna. A zaɓen majalisar yanki na 1957 ɓangaren Djibo ya ci kujeru 41 daga cikin 60, PPN ta tsira da 19. Bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba. Ya ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Janar de Gaulle ranar 28 ga Satumba 1958, i ta yi rinjaye, aka sake zaɓe, PPN da ƙawayenta suka karɓe majalisa, a 1959 kuma aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da dogon labari ta fuskar zaɓe. A 1965 da 1970 jerin sunayen PPN kaɗai aka miƙa wa jama'a. Seyni Kountché ya rushe majalisa a Afrilun 1974, kuma ba a sake ganin wata ba sai 1989, ita ma ta jam'iyya ɗaya, MNSD.

Titunan Yamai ne suka buɗe ƙofar. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a kan gadar Kennedy, ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗauki zancen, mata suka fito ranar 13 ga Mayu 1991 suna neman a ba su gurbi a shirin taron ƙasa, taron kuma ya zauna daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba ƙarƙashin André Salifou. Daga wannan guguwa aka fito da tsarin da aka fara aiki da shi a zaɓen Fabrairun 1993. Kowace jiha ta zama mazaɓa guda mai kujeru da yawa, Yamai ita ce cikon ta takwas, aka kuma ware wasu kujeru takwas na musamman don ƙananan ƙabilu irin su Tubawa da Larabawa da Gurmawa. Majalisar ta fara da kujeru 83, ta koma 113 a 2004, ta kai 171 a 2016.

Ga yadda abin yake kafin juyin mulkin 2023. Mai zaɓe a Yantala ko Talladje ko Harobanda ba mutum yake zaɓa ba, jam'iyya yake dangwala wa. Kowace jam'iyya ta jera sunayen ƴan takararta na dukan birni, bayan ƙidaya sai a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu.

A ganina wannan tsari ya dace da gari irin Yamai ta wata fuska mai muhimmanci. Da an yanka birnin unguwa-unguwa, kowace da kujera ɗaya, da an wayi gari ana cewa wannan kujerar ta Zabarmawa ce, waccan ta Hausawa, ta tsallaken gada ta Fulani. Jerin sunaye ya tilasta wa jam'iyyu su cakuɗa mutane, don ba wadda za ta ci Yamai da kabila ɗaya. Shi ne kuma ya ba dokar kason mata wurin kamawa. An fara da kashi 10 cikin ɗari a 2000, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma da wuya a tilasta irin wannan kaso inda kujera ɗaya tak ake takara a kanta.

Amma akwai abin da ya ci wa talakan birni tuwo a ƙwarya. Wanda ke son shiga jeri, shugabannin jam'iyya yake bi, don su ke rubuta sunaye. Lokacin da kogi ya fasa madatsa a daminar 2020, ruwa ya cinye gidaje a Lamorde da Kirkissoye da Saga, magidancin da ya kwana a ajin makaranta da iyalinsa yana da wakilai da dama a takarda, amma ba shi da guda ɗaya da zai nuna da yatsa ya ce kai ne depiten unguwata, kai na zaɓa. Wannan gibi ne na gaske, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba don kawai tsarin yana da wasu alherai.

Ga wani abin lura. Birnin da majalisa ta zauna a cikinsa, wanda ƙidayar 2012 ta ce ya haura mutum miliyan ɗaya, kujerunsa ba su kai rabin na Zinder ko Maraɗi ko Tawa ba. Yamai tana iya cika titi, ba ta iya cika majalisa. Shi ya sa sau da yawa muryarta ta adawa ce. Bayan Hama Amadou ya kafa Lumana a 2009, birnin ya zama tungarsa a duk tsawon mulkin PNDS, kuma a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2021 Mahamane Ousmane ne ya lashe Yamai, alhali Mohamed Bazoum aka bayyana ya ci ƙasa. Tarzomar da ta biyo bayan sanarwar, a nan ta fi zafi.

Mazaɓar ta sha katsewa tana dawowa: juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara a Janairun 1996, na Daouda Malam Wanké a Afrilun 1999, rushe majalisar da Tandja Mamadou ya yi a 2009 don neman tazarce, sai Salou Djibo a Fabrairun 2010. Na ranar 26 ga Yuli 2023 ya fi su nisa. Majalisa ta watse tare da kundin tsarin mulki, Hama Amadou ya rasu a Oktoban 2024, a Maris 2025 kuma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rusa dukan jam'iyyun siyasa, waɗanda su ne ginshiƙin zaɓen jerin sunaye. Majalisar tuntuɓa da aka kafa a shekarar, naɗa mambobinta aka yi, ba a kai akwati ko rumfa ɗaya ba a gundumomi biyar na birnin.