Tulun Kuɗi a Kufai: Martani ga Masu Raina Kwabo Mai Huji

Akwai ra'ayin da wani abokin aikina, masanin kayan tarihi, ya daɗe yana karewa, har ɗalibai sun fara ɗaukarsa tamkar yankakken hukunci. A cewarsa, tsofaffin kuɗin ƙarfe da manoma kan ci karo da su a karkarar Dambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci ba su cancanci a tara su don nazari ba. Inji ne ya buga su a Ingila, miliyoyi iri ɗaya, babu hannun Bahaushe a jikinsu. In ana son ganin tarin kuɗi na ilimi, in ji shi, a dubi kuɗin zubi na tagulla na tsohuwar daular Rum, waɗanda kowane ɗaya ke ɗauke da tabon mazubin da ya fito. Ina ganin misalin da ya zaɓa shi ne ya fi rusa maganarsa.

Kuɗin da yake nufi, waɗanda masana ke kira aes grave, an zuba su ne a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babbansu ya haura giram 300, an kasa shi kashi 12, ƙananan kuma suna ɗauke da ɗige-ɗige masu nuna darajarsu. Wanda aka fi sani yana da kai mai fuska biyu a gefe guda, goshin jirgin ruwa a ɗaya gefen. Haeberlin (1910) ya tattara su, Crawford (1974) ya jera su bisa zamani. To amma babu shekara a jikin ko ɗaya. Da me aka jera su? Da nauyi, wanda ya yi ta raguwa lokacin yaƙin Rum da Hannibal (218 zuwa 201 kafin haihuwar Annabi Isa), da kuma lura da waɗanne kuɗi aka samu tare da waɗanne, a ina. Gardamar da aka daɗe ana yi kan shekarar da aka fara dinarin azurfa na Rum, wasu na cewa 269, wasu 187, ba kyan wani kuɗi a akwatin attajiri ne ya kashe ta ba. Tonon da aka fara a Morgantina ta tsibirin Sisili a 1955 ne ya fito da dinarai a ƙarƙashin ɓaraguzan garin da aka ƙone, aka tsayar da magana a wajen shekarar 211. Kuɗin Rum sun zama shaida ne saboda an san inda suka kwanta.

Tarihin namu kuɗin sananne ne. Tarihin Sarakunan Kano ya ce wuri ya shigo ƙasar Hausa zamanin Sarki Sharefa (1703 zuwa 1731). Barth ya tarar ana canjin dalar azurfa a kan wuri 2,500 a Kano a 1851. Sauran bayani yana wajen Johnson (1970) da Hogendorn da Johnson (1986). Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, kwabo da anini suka fito a 1907, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya.

Abin da ba mu sani sosai ba shi ne yadda wannan sauyi ya gudana a cikin gida. Rahoton Rasdan yana faɗin nawa aka karɓa na haraji da tsabar kuɗi. Bai faɗi wace shekara ce matar aure a Tsanyawa ta yarda ta ajiye kuɗin adashinta da sule maimakon wuri ba, ko kuwa ta ci gaba da riƙe duka biyun, kowane da aikinsa. A nan ne kuɗin inji suka fi na Rum sauƙin karantawa. Ɗauki kwabo mai huji ka goge shi: ga tauraro mai tsini shida, ga rubutun Larabci a ƙarƙashin hujin, ga shekara, wani lokaci har da ƙaramin harafin H ko KN da ke nuna masana'antar da ta buga shi a Birmingham. Na 1936 akwai masu sunan Edward na Takwas, sarkin da bai cika shekara a gadon mulki ba. Sule mai bishiyar kwakwa na azurfa ne daga 1913; a 1920 aka mayar da shi gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa saboda azurfa ta yi tsada. Tulun da aka binne ba zai girmi kuɗin da ya fi ƙuruciya a cikinsa ba, kuma abin da mai shi ya zaɓa ya zuba yana nuna wane kuɗi ya amince da shi.

Abokin aikina yana da amsa, kuma amsa ce mai nauyi. Ya ce wannan ƙasa ba Sisili ba ce. Gonakin da ke kewaye da Kano, kamar yadda Mortimore, da kuma Hill (1977), suka bayyana, ana noma su kowace damina ba hutu, abin da ke riƙe da su kuwa taki ne. A wancan zamani, da rani jakuna kan shiga birni da itace su komo da mangalar shara da toka. Kowane magidanci kuma yana kwashe jujin gidansa ya kai gona. Aninin da ya faɗi a lungun kasuwar Kurmi zai iya ƙarewa a kunyar gero mai nisa da inda ya ɓace, garma ta yi ta juya shi shekara da shekaru. Wace shaida ke nan? A kan kuɗin da aka tsinta ɗai-ɗai a gona, gaskiyarsa ce, kuma ban ga yadda za a kauce mata ba. Ko da an ce jigilar sharar birni ta fi ƙarfi a kusa da ganuwa, tana raguwa kafin a kai Kunci, takin gida kaɗai ya isa ya raba kuɗi da inda ya faɗi.

Don haka iƙirarina ya tsaya a kan abu ɗaya: ajiyar da aka yi da gangan, tulu ko tukunya da aka rufe baki aka binne a ƙasan ɗaki, ko a gindin rumbu, ko a kufan da aka tashi. Taki ba ya ɗaukar tulu cike.

Ya ƙara da cewa ko ajiyar ma tana yaudara. Liyari, dalar nan mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya, duk 1780 aka rubuta a jikinta ko da an buga ta bayan shekara ɗari. Mai ajiya kuma yana zaɓe ne; yana iya tsince sulen azurfa a 1930 ya bar na tagulla, sai mai nazari ya ɗauka tulun na 1919 ne. Duka biyun haka ne. Sai dai masu nazarin Rum sun sha fama da irin wannan, kuma ba su jefar da shaidar ba. Sukan auna yadda kuɗi ya side, su kwatanta ajiya da ajiya har tsari ya bayyana. Tulu ɗaya labari ne kawai. In an rubuta talatin daga gundumomi dabam-dabam, zai yiwu, ina ma kyautata zaton haka, a ga ko ƙauyukan da ke kusa da kanti da sikelin gyaɗa sun riga na nesa sakin wuri, kuma da tazarar shekara nawa. Zaɓen da yake kuka da shi ma shaida ne, domin mutumin da ya ware azurfa ya binne ya riga ya yanke wa sabon sule hukunci.

Maganar cewa ba namu ba ne ita ce ta fi damuna, domin ta yi daidai da ruhin dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta fi karkata ga aikin hannun 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918. Wuri ma daga tsibiran Maldibas da gaɓar Zanzibar aka kwaso shi, ba wanda ya ce a fitar da shi daga Gidan Makama. Kuɗin da aka biya sadaki da shi, aka fanshi gona daga jingina, Bafulatana ta kitsa shi a gashinta, maƙerin farfaru ya narka shi ya yi munduwa, ya shiga tarihinmu ko ina aka buga shi.

Kuma narkawar ba ta tsaya ba. Wanda ya tono tulu yau yakan yi shiru don tsoron hukuma ko rigimar gado. Azurfar ta tafi wajen maƙeri, sauran a auna wa 'yan gwangwan, tulun a fasa. Abin da nake roƙo ba ya bukatar a ƙwace wa kowa komai. Sassan tarihi na jami'o'in Kano suna da ɗalibai daga waɗannan ƙauyuka. Ta hannun dagatai da masu unguwanni ana iya shaida wa jama'a cewa wanda ya samu nasa ne, a ba ɗalibi dama kawai ya ƙirga, ya ɗauki hoto gaba da baya, ya rubuta shekarun da inda aka tono da zurfin ramin, ya tambayi dattawa gidan wa ke wurin a da.