Yadda aka koyi raba abinci da iska

Tun da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015, saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a jikinsa, ake ta ja-in-ja kan yadda za a adana amfanin gona ba tare da guba ba. Hanyar toshe wa kaya iska kuwa ta daɗe da samuwa.

Kakanninmu sun san amfanin liƙe bakin tulu da laka da cakuɗa wake da toka. A Turai, wajen 1650, magajin garin Magdeburg na Jamus, Otto von Guericke, ya ƙera famfon zuƙe iska. A 1810 Bafaranshe Nicolas Appert ya karɓi faran 12,000 daga gwamnati saboda dabarar dafa abinci cikin kwalba a toshe, tun kafin Louis Pasteur ya bayyana cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da shi. A 1900 kamfanin Hills Bros. na San Francisco ya fara sayar da gahawa a gwangwanin da aka zuƙe wa iska.

Masu ba da tarihin sukan jingina nasarar raba abinci da iska ga famfo. Gaskiya leda ce ta yi aikin. Famfo ya yi kusan shekaru 300 a duniya ba tare da ya canza kasuwar nama ba, don babu mazubi mai araha da zai hana iska komawa. Sai a 1933 aka gano roba iri biyu, ɗaya a kamfanin ICI na Ingila, ɗaya a Dow na Amurka. Daga nan jakar Cryovac ta bayyana: a zura talotalo ciki, a zuƙe iska, a ɗaure, a tsoma a ruwan zafi, ledar ta manne da naman tsam.

Babbar shaidar cewa leda ce ta yi aikin tana nan gida. A ƙarshen shekarun 1980, Larry Murdock na Jami'ar Purdue da masu bincike a Marwa ta arewacin Kamaru suka gwada buhu mai ruɓi uku. A 2007 aka fara yaɗa shi da sunan PICS, masanan cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi suna cikin jagororin aikin, ana kuma ƙera shi a Kano. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhun saƙa. Manomi ya duba ko akwai huji, ya zuba busasshen wake, ya matse, ya murɗe bakin kowace leda ya ɗaure daban. Babu famfo ko ɗaya. Ƙwarin da ke cikin waken da kansu suke shaƙe ragowar iskar, su daina ci da haihuwa, su mutu.

Nama da kifi dai sai an haɗa da sanyi, domin akwai ƙwayar cuta mai kisa da ke yaɗuwa inda babu iska. Wake kuwa ba ya buƙatar firji. Ya kamata 'yan kasuwar Dawanau da sauran masu tara hatsi su ajiye fiya-fiya su koma ga wannan buhu.