Taken Doctor Who: ana ta gardamar wanne ya fi daɗi, amma wa ya haɗa na farkon?

Jama'a, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya Doctor Who, shirin nan na ƙagaggen labarin kimiyya da BBC ke yi. Ba a kan jarumi ake yinta ba, a kan kiɗan buɗe shirin ne, wato takensa. Ku leƙa YouTube za ku tarar da bidiyoyin da aka jera duk salon taken tun daga 1963, a ƙasa kuma mutane na ta musu, wannan ya ce na 1980 ne gwani, wancan ya ce kai, wanda bai ji na 2005 ba bai ji komai ba.

Ga wanda bai san shirin ba: labarin wani baƙo ne daga wata duniya, yana yawo cikin zamunna da sararin samaniya a cikin wani shuɗin akwati mai kama da rumfar wayar 'yan sandan Ingila ta da. An fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin kashe shugaban Amurka Kennedy. A cikin labarin, jarumin kan sāke jiki idan ya kusa mutuwa, da haka ake sauya ɗan wasa ba tare da an tsayar da shirin ba. Taken ma haka yake, yana sāke jiki amma karinsa ɗaya.

To a nan ne abin ya ba ni sha'awa. Idan karin bai taɓa canzawa ba, me ake gardama a kai? Ana yi ne a kan yadda aka fitar da sautin. Kuma wannan aikin, na fitar da sautin, shi ne ainihin aikin da BBC ta ce a 1963 bai kai a rubuta sunan wanda ya yi shi ba.

Wanda ya rubuta karin a takarda shi ne Ron Grainer, mawallafin kiɗa ɗan Ostareliya. Aka miƙa takardar ga wani ƙaramin sashe na BBC da ke Maida Vale a Landan, mai suna Radiophonic Workshop, wanda aka kafa a 1958 don ƙirƙirar sautuka ga wasannin rediyo. Wadda aikin ya faɗo wa ita ce Delia Derbyshire, 'yar garin Coventry, ta karanta lissafi da kiɗa a jami'ar Cambridge. Kafin ta zo BBC ta nemi aiki a kamfanin faya-fayai na Decca a 1959, aka ce mata ba sa ɗaukar mata a ɗakin naɗar sauti.

Ku tuna fa, lokacin ba kwamfuta, ba irin fiyanon nan da za ka danna ya ba ka duk sautin da kake so, kuma ba ta ɗauko makaɗi ko ɗaya ba. Abin da take da shi zaren tef ne, da reza, da na'urorin gwajin sauti da injiniyoyi ke auna kayan aiki da su. Gindin kiɗan, wannan dukan mai kama da bugun zuciya, daga tsirkiya ɗaya tak aka samo shi. An kaɗa ta, an naɗa, sai a ƙara gudun tef ɗin ko a rage don muryar ta hau ko ta sauka, a yanka kowane sauti da reza gwargwadon tsawon da ake so, a liƙa shi da na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, har kiɗan ya cika. Wannan kukan mai kama da iska a saman kiɗan kuma daga na'urorin gwajin ya fito, ana murza su da hannu. Da aka gama kowane layi a nasa tef ɗin, sai a ɗora su a kan injuna daban-daban, a danna su lokaci guda, ana fatan su tafi tare. Mataimakinta Dick Mills ya sha ba da labarin yadda wani sauti ya karkace, suka rasa inda yake, sai da suka warware tef-tef ɗin a doguwar barandar ginin suna bi suna duba inda mahaɗin ya saɓa.

Da Grainer ya ji abin da ta haɗa, ya tambaye ta wai shin da gaske shi ya rubuta wannan? Ta ce masa, yawancinsa dai. Mutumin kirki ne a wannan gaɓar, domin ya nemi a sa sunanta tare da nasa. BBC ta ƙi, saboda ƙa'idarta ita ce ma'aikatan sashen ba a ambatar su da suna. Abin da ke fitowa a ƙarshen shiri shi ne sunan Grainer da sunan sashen. Ba suna, ba kason kuɗin mallaka, sai albashinta na ma'aikaciya.

Aikinta ya riƙe shirin har 1980, duk da an yi ta yi masa kwaskwarima. A 1972 ma an gwada sabo da wata ƙatuwar na'urar haɗa sauti da sashen ya saya, masu shirin suka ji bai yi ba suka mayar da tsohon, amma ya riga ya tsere a wasu kashi-kashi da aka tura Ostareliya. Har yau masoya na nemansa su saurara don su yi dariya ko su kare shi.

A 1980 sabon furodusa John Nathan-Turner ya so shirin ya yi kama da zamaninsa, sai Peter Howell na wannan sashen ya sāke taken da na'urorin zamani, ya ɗaga muryarsa, ya ƙara masa sauri da sheƙi. Wanda ya tashi a shekarun 1980, wallahi ba ka raba shi da wannan. Na Dominic Glynn a 1986 shekara ɗaya ya yi. Na Keff McCulloch ya zo a 1987 ya raka shirin har aka dakatar da shi a 1989, kuma a jerin da masoya ke yi sau da yawa shi ne ke shan kashi.

Da shirin ya dawo a 2005, Murray Gold ya ɗauko ainihin sautukan 1963 ya ɗora musu goge-goge masu gudu da ganguna. Nan ma gardama ta tashi, don ya cire wata gaɓa ta tsakiya da tsofaffin masoya ke ji da ita, wadda kiɗan ke buɗewa ya yi haske kafin ya koma duhu. Daga baya an dawo da ita a kiɗan rufe shiri. Ni a ganina bambancin na Gold da na Derbyshire ba na daɗi ba ne. Na Gold yana gaya maka ga jarumi nan tafe, a yi shirin tsere da faɗa. Na Derbyshire ba ya maka alƙawarin komai, yana sa ka ji ka shiga wurin da ba ka san dokarsa ba, kuma ba ka iya cewa ga abin da ake kaɗawa. Turawan Ingila na yawan ba da labarin yadda suna yara suke ɓuya a bayan kujera idan shirin ya fara. Wancan kiɗan ne ke fara tura su can, tun dodannin ba su fito ba.

A 2018, lokacin da Jodie Whittaker ta zama mace ta farko da ta riƙe shirin a matsayin jarumar, aka ba Segun Akinola aikin kiɗan, ɗan Birtaniya mai tushe a Najeriya. Shi kuma sai ya koma baya, ya rage tarin makaɗan, ya gina nasa a kan naɗin Derbyshire da ganguna masu nauyi. Wasu suka ce ya dawo da tsoron da aka rasa, wasu suka ce ya yi duhu da yawa. Ya yi har 2022, Gold ya dawo a 2023.

Ita dai Delia ba ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan na baya ba. Ta bar BBC a 1973, ta yi aiki a wurare irin su gidan nuna zane-zane da kantin littattafai, ta rasu a 2001. Bayan rasuwarta aka tarar da tef 267 a rufin ɗakinta, yanzu suna jami'ar Manchester. Sunanta bai fito a jikin shirin ba sai ranar 23 ga Nuwamba 2013, a kashin bikin cika shekara 50, shekara 12 tana kabari.

Ga kuma inda labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shiryenta don ta sāke amfani da tef, shi ya sa har yanzu sama da kashi 90 na Doctor Who sun ɓata. Abin da ya tsira, da yawa daga kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje ne, kuma Najeriya na cikin masu saye. A watan Oktoban 2013, wata guda kafin wancan bikin, BBC ta sanar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos, cikinsu akwai kashi 9 da aka riga aka fid da rai da su, na labaran The Enemy of the World da The Web of Fear, na 1967 da 1968. Kowannensu da kiɗan da ta yanka da reza yake buɗewa, kuma idan ka bi jerin sunayen ƙarshe za ka ga Ron Grainer da Radiophonic Workshop.