Izini Kafin Na'ura: Asalin Kalmar "Press" a Sunayen Gidajen Buga Littattafai na Ingila

Masu ƙamus ba su da saɓani kan tushen kalmar "press". Ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, asalinta kuma "premere" na Latin, wato dannewa. Da ita ake kiran cunkoson jama'a da abin matse inabi tun kafin Gutenberg ya fara ɗab'i a Mainz wajen 1450. Abin da wannan maƙala take ja da shi shi ne bayanin nan mai sauƙi, cewa sunan na'ura ne kawai ya zarce ya hau kan kamfani. An bi sunayen tsofaffin gidajen, aka auna su da dokokin ɗab'i na zamaninsu.

Da a ce bayanin ya wadatar, da manyan 'yan kasuwar littafi ne za su fara amsa sunan. Ba su amsa ba. Longman (1724), John Murray (1768) da Macmillan (1843) duk sunayen masu gida ne, domin asalinsu masu sayar da littattafai ne da ke biyan wasu su buga musu. Jami'o'i biyu ne suka riƙe kalmar, dalilin kuwa yana cikin doka. Hukuncin kotun Star Chamber na 1586 ya hana ɗab'i a wajen Landan, in ban da na'ura ɗaya a Oxford, ɗaya a Cambridge. Mallakar wannan katako mai dunƙulen matsewa gata ce daga sarauta, ba sayen kayan aiki ba. Cambridge ta fi fito da abin fili: Sarki Henry na Takwas ya ba ta izini a 1534, amma littafinta na farko bai fito ba sai 1584. Shekara 50 ke nan tana da iko ba ta buga komai ba. Oxford kuma ta rufe babbar maɗaba'arta a 1989, sunanta bai ko girgiza ba. Sunan da ya rayu bayan an kwashe injuna, ai ba a kan injuna yake tsaye ba.

Za a ce Kelmscott ta William Morris (1891) da Hogarth ta Leonard da Virginia Woolf (1917), waɗanda su ma suka amsa sunan "Press", ba su nemi izinin kowa ba, tunda dokar lasisin ɗab'i ta faɗi tun 1695, kuma da hannu suka fara bugawa. Gaskiya ne. Sai dai sun zo ne sun tarar kalmar ta riga ta yi kwarjini, Hogarth ma ba ta daɗe ba ta koma kai manyan ayyukanta ga maɗaba'un kasuwa, ba ta sauya suna ba.

Binciken bai wuce Ingila ba, kuma suna shi kaɗai ba ya bayyana niyyar wanda ya raɗa shi. Maɗaba'un jami'o'in Amurka, da University Press ta Ibadan wadda ta fara a matsayin reshen Oxford, suna buƙatar nasu nazarin.